Tambaya da Amsa: Akwatin Kwamfuta Na Alminiyam, Me Yake Ƙara Maka Kuma Me Ba Ya Ƙarawa?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda: akwatin da ake zuba kayan kwamfuta a ciki, musamman na alminiyam, wanda ya fi na baƙin ƙarfe tsada nesa ba kusa ba. Ga waɗanda muka zaɓa daga ciki.

Assalamu alaikum. Ina haɗa kwamfutar zanen gine-gine. Mai shago ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki akwatin alminiyam, wai yana shanye zafi kamar yadda tukunyar alminiyam ke saurin ɗaukar wuta, don haka kwamfutar ba za ta yi zafi ba ko da bazara. Gaskiya ne? Bashir, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Gaskiya ne alminiyam ya fi baƙin ƙarfe gudanar da zafi, kusan sau huɗu ma. Amma tukunya a kan wuta take zaune, ita kuwa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin girafik mai sarrafa hoto ba sa taɓa bangon akwati ko kaɗan. Iska ce tsakaninsu. Zafin sai ya fita daga kula, wato abin sanyayawar da ake ɗaurawa a kansu, ya shiga iskar ciki, daga iskar ya shiga bango, daga bango ya sake shiga iskar ɗaki. Inda yake maƙalewa shi ne wurin shiga bangon da wurin fita, ba cikin ƙarfen ba. Bango mai kaurin milimita 1, na alminiyam ne ko na baƙin ƙarfe, zafi yana ratsa shi ba tare da wata tangarɗa ba. Saboda haka sauya ƙarfen bango ba ya sauya lissafin.

Ga lissafin a taƙaice. Kwamfutar zane mai matsakaicin ƙarfi tana iya zubar da zafin wat 400 idan aiki ya yi nauyi. Duk bangon akwati babba, idan ya yi ƙoƙari, abin da zai fitar bai wuce wat 30 zuwa 40 ba. Sauran duka fankoki ne ke kwashe shi. Don iskar da ke fita kada ta fi wadda ke shiga zafi da sama da digiri 10, kana buƙatar kimanin kubik mita 120 na iska a kowace awa. A takarda, fanka ɗaya mai kyau ta milimita 140 tana kai haka idan ta ƙure gudu, amma raga da matatar ƙura suna cin wani kaso babba, ga kuma ƙara. Shi ya sa muke cewa fanka biyu masu milimita 140 ko uku masu 120 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa.

A nan ne akwatunan alminiyam da yawa suke faɗuwa. Masu ƙera su suna son a ga kyawun ƙarfen, sai su rufe gaba da fale guda shafaffe, su bar ɗan tsagi a gefe. Fanka a bayan irin wannan fale tana juyawa ne kawai, iskar da take samu kaɗan ce. Akwatin baƙin ƙarfe mai raga a gaba, wanda bai kai shi kuɗi ba, zai ka da shi a sanyi. Idan ka je shago, buɗe gefen ka leƙa ta ciki: in haske ba ya ratso gaban akwatin sosai, iska ma ba za ta ratso ba.

Ka kuma lura da wani abu da ya shafe ka kai tsaye. Masu gwajin kayan kwamfuta a Turai da Amurka galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke aunawa. Idan sun nuna furosesa tana tsayawa a digiri 75, kai da ɗakinka ke kai 38 a watan Afrilu in babu na'urar sanyaya ɗaki, sai ka ƙara 16 a kai, ka ga ka haura 90. Furosesa irin Ryzen jerin 7000 galibi iyakarsu 95 ce, Intel ƙarni na 13 da na 14 kuwa 100, kuma da sun isa can sai su rage gudu da kansu. Kai da ke Sakkwato ba ka da rarar da za ka sadaukar saboda kyan gani.

Akwai inda maganar mai shagon take tabbata: akwatunan da ba su da fanka gaba ɗaya, irin na Streacom da HDPlex. A cikinsu ana ɗaure bututun jan ƙarfe daga kan furosesa zuwa jikin akwatin, jikin kuma kauri ne da shi, an yanka masa haƙarƙari a waje. Wannan kam bangon ne ke sanyayawa. Amma an yi su ne don furosesa mai cin wuta kaɗan, ba don aikinka ba. Shawararmu, ka sayi akwati mai raga, ka zuba rarar kuɗin a kula mai kyau da fankoki.

Ina aikin tace bidiyo, kuma ina yawan zirga-zirga da kwamfutata tsakanin Kano da Abuja, don haka ƙarama nake so. Na tsaya a kan uku: Fractal Design Terra, Lian Li A4-H2O da Cooler Master NR200. Zan sa Ryzen 9 7900X da RTX 4070. Wanne zan ɗauka? Maryam, Kano

Malama Maryam, wannan ita ce irin buƙatar da alminiyam yake da ma'ana a cikinta, domin abin ɗauka ne, ba abin ajiyewa a ƙarƙashin tebur ba. Dukan ukun ƙaramin madabod (babban allon da sauran kaya ke hawa) na mini-ITX suke ɗauka, mai faɗi da tsawo milimita 170, da ƙaramin fawa-fak (abin da ke ba kayan wuta) na SFX. Kada ki sayi babban fawa-fak na ATX da tunanin zai shiga. Katinki ba matsala ba ne: Terra da A4-H2O suna ɗaukar kati har tsawon milimita 322, NR200 har 330, yawancin RTX 4070 kuma ba su kai nan ba. Duk da haka ki duba tsawo da kaurin ainihin samfurin da za ki saya, domin kowane kamfani da irin rigar da yake yi wa nasa.

Matsalar tana wurin furosesa. 7900X tana iya jan wuta har wat 230 lokacin fitar da bidiyo, wanda kan ɗauki tsawon lokaci ba hutawa.

Terra, wanda ya fito a 2023, lita 10.4 ne, bangonsa alminiyam, da ɗan katako a gaba. Ya fi sauran kyau, ba gardama. Yana da kashin baya a tsakiya da ake matsarwa: kati a gefe guda, madabod a ɗaya gefen. Idan kin ba wa kati wuri sosai, kula ba za ta wuce tsayin milimita 48 ba. Idan kin matse katin, za ta iya kai 77. A wannan tsayi sai gajerun kuloli irin Thermalright AXP90-X47 mai milimita 47 ko Noctua NH-L12S mai 70, kuma babu ɗayansu da zai riƙe wat 230 a zafin Kano. Idan ranki ya kwanta da Terra, to sauya furosesar: Ryzen 9 7900, wadda ba ta da X a ƙarshe, tana da ƙwaƙwalwa 12 kamar 'yar'uwarta, amma ba ta wuce wat 88. Saurin da za ki rasa bai kai zafin da za ki huta da shi ba. Haka kuma ana iya danne 7900X ta cikin BIOS, wato shafin saitin madabod, da tsarin Eco Mode mai rage cin wuta, sai dai kin biya kuɗin ƙarfin da ba za ki mora ba. Abubuwa biyu kuma game da Terra. Idan fankar kula ta matso bangon da ke da tsagi har ta kusa taɓa shi, tana yin wani irin shewa mai damun kunne, don haka ki bar tazarar aƙalla milimita 5. Sannan ba ya zuwa da matatar ƙura, da hunturu sai kin riƙa hure shi akai-akai.

A4-H2O lita 11 ne, fatarsa alminiyam, ƙashinsa baƙin ƙarfe. An tsara shi ne musamman don kular ruwa mai lagireto milimita 240 a sama. Da wannan, 7900X za ta samu numfashi fiye da a Terra, ko da yake za ta yi zafi a bazara. Kan famfon da ke bisa furosesa kada ya wuce tsayin milimita 55. Ki kula da wayar raiza, wato wayar da ke haɗa kati da madabod: ana sayar da akwatin da mai PCIe 3.0 da mai 4.0. Ki nemi mai 4.0. Idan aka haɗa katin 4.0 da raizar 3.0, sau da yawa allo baƙi ƙirin yake fitowa, mutum ya yi zaton katin ya mutu. Maganinsa shi ne a soka wayar allo a madabod, a shiga BIOS, a mayar da ramin katin zuwa Gen 3, sannan a dawo da wayar kan kati.

NR200 ba alminiyam ba ne, baƙin ƙarfe ne, kuma lita 18 da 'yan kai, wato ya kusa ninka waɗancan. Amma yana ɗaukar doguwar kula har milimita 155, kati yana shiga madabod kai tsaye ba raiza, yana da wurin fankoki sama da ƙasa, yana zuwa da matatar ƙura, ga sauƙin haɗawa da sauƙin kuɗi. Da a ɗaki zai zauna, shi za mu zaɓa ba shakka.

Tunda hanya za ki riƙa bi, mu dai A4-H2O muka fi karkata gare shi. Doguwar kula mai nauyin kusan kilo ɗaya tana rataye ne a jikin madabod, kowane rami a titi kuma girgiza ce a kan wannan wuri. A A4-H2O nauyin lagireto a jikin akwati yake, kuma ya fi famfo tudu, wanda haka ake so domin kumfar iska ta taru a lagireto, ba a famfo ba. In kuma NR200 kika ɗauka, ki kwantar da shi a mota yadda madabod zai kasance a ƙasa, kular tana kallon sama. Ki sayi RAM gajere wanda bai wuce milimita 35 ba, ki kuma soka duk wayoyin madabod kafin ki ɗaura lagireto, domin bayan nan hannu ba ya shiga.

Yaya zan gane akwati na alminiyam ne na gaske? Kuma da gaske ya fi sauƙin nauyi? Na ɗaga wani a Banex, ban ji bambanci ba. Yakubu, Abuja

Malam Yakubu, tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam. Ka gwada shi a wurare huɗu: gaba, gefe, farantin da madabod ke zama, da bayan akwatin. Inda bai kama ba, taɓa da bayan hannu, domin akwai roba da ake yi wa zanen goga ta yi kama da ƙarfe. Alminiyam yana da sanyi a hannu, roba ba ta da shi.

Za ka tarar yawancin abin da ake kira akwatin alminiyam yau, fata ce kawai. Lian Li, kamfanin Taiwan da aka kafa a 1983, ya yi suna ne da akwatunan da ciki da waje duka alminiyam ne. Amma O11 Dynamic ɗinsa na 2018, wanda ya fi kowanne karɓuwa, ƙashinsa baƙin ƙarfe ne, da gilashi biyu, alminiyam ɗin ado ne a waje. Wannan ba ha'inci ba ne in dai an faɗa maka. Ƙashin baƙin ƙarfe ma ya fi riƙe noti da nauyin kati.

Batun nauyi kuwa, hannunka bai yi ƙarya ba. Alminiyam nauyinsa giram 2.7 ne a kowane kubik santimita, baƙin ƙarfe 7.85, wato kusan ninki uku. Amma ya fi shi taushi da kusan ninki uku, don haka dole a ƙara masa kauri. Ɗauki murfin gefe mai santimita 45 kowace kusurwa. Na baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 yana da kilo 1.3. Na alminiyam mai milimita 2 yana da kilo 1.1. Na gilashi mai milimita 4 kuwa kilo 2 ne cur. Abin da ka samu a alminiyam mai milimita 2 ba sauƙi ba ne, tauri ne: ya fi wancan ƙin lanƙwasa kusan sau biyar. Mai milimita 1 shi ne mai sauƙi na gaske, rabin kilo da ɗan ɗori, amma yana loɓawa da wuri, kuma idan akwai had-disk mai juyi 7200 a minti, sai bangon ya kama wani gunji ƙasa-ƙasa da ba ya tsayawa. Ana rage shi da zoben roba a notocin had-disk, ko a manna ɗan falen roba mai nauyi a tsakiyar murfin ta ciki. Mu dai ba ma son murfin da bai kai milimita 1.5 ba. Ka danna tsakiyarsa da yatsa; in ya shiga ya dawo da ƙara, bar shi.

In akwai gilashi, kada ka taɓa jingina shi a kan tayil. Gefensa ya ɗan daki tayil, sai ya tarwatse gaba ɗaya. A kan katifa ko kwali ake ajiye shi.

Tun da na koma sabon akwati na alminiyam, idan na shafa shi sai in ji yana ɗan ja na, musamman in ba takalmi. Testa ma tana kamawa a jikinsa. Akwatin ne ba shi da kyau? Sani, Zariya

Malam Sani, wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci, ka ɗauke ta da gaske. Laifin ba na akwatin ba ne, wayar ƙasa ce, wato atin, babu a layinka. A cikin kowane fawa-fak akwai ƙananan kafasito da ke tace hayaniyar wuta, suna zubar da ɗan abin da suka tace a jikin ƙarfen, daga nan ya bi atin ya shiga ƙasa. In babu atin, sai jikin akwatin ya tsaya a kusan rabin wutar gida. A wuta mai bolt 230, mita za ta iya nuna maka 100 da wani abu tsakanin akwati da ƙasa. Ƙarfin gudunta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ja kawai kake ji. Tsohon akwatinka ma yana da ita, fenti mai kauri ne ya ɓoye maka. Rufin da ake yi wa alminiyam a madadin fenti siriri ne, kuma a gefuna da kan notoci da inda ya kuje babu shi.

Haɗarin ba wannan ɗan jan ba ne. Ranar da wani abu ya ƙone a cikin fawa-fak har wayar wuta ta taɓa jiki, atin ne zai sa fis ya yanke ko bireka ta faɗi. In babu shi, akwatin zai ɗauki cikakkiyar wuta yana jiran wanda zai taɓa. Ban da haka, wannan wutar da ke yawo a jiki tana iya ƙona ramin HDMI ko USB lokacin da ka soka waya kwamfuta na kunne.

Bi abin daki-daki, daga mai sauƙi. Cire wayar kwamfutar daga soket, ka auna da mita tsakanin dogon haƙorin fulogi da ramin tsakiya na ɗaya bakin. In mita ba ta yi ƙara ba, wayar jabu ce mai jijiya biyu, ka sauya ta. Yi wa ekstanshin irin wannan gwaji, domin da yawa a kasuwa ramin atin ɗinsu ado ne, babu waya a bayansa. Sannan ka auna tsakanin jikin fawa-fak da wani noti a bayan akwatin. Ya kamata ya zama ƙasa da om 1. In ya fi haka, rufin alminiyam ɗin ne ya raba su, domin rufin ba ya gudanar da wuta. Sa wosha mai haƙora a ƙarƙashin ɗaya daga notoci huɗu na fawa-fak, za ta ciji rufin ta kai ga ƙarfe.

In duk wannan lafiya, saura soket, nan kuma aikin mai gyaran wuta ne. Tsakanin layif da atin ya kamata a ga kusan cikakkiyar wuta, tsakanin nutural da atin 'yan bolt kaɗan. In gidan babu atin, sai a kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, aƙalla mita 1.2, a wuri mai danshi, a ja waya mai kauri zuwa allon rarraba wuta. A ƙasarmu mai bushewa da rani, sanda guda sau da yawa ba ta isa, sai an ƙara zurfi ko an haɗa biyu. Gishirin da ake zubawa a ramin yana taimakawa da farko, amma yana cin sandar a hankali. A sa bireka mai gane yoyon wuta ta miliam 30, a kuma haɗa jikin janareta da inbata da wannan atin ɗin. Abin da ba za ka yarda da shi ba ko wa ya kawo shi: haɗa atin da nutural a cikin soket. Jan zai ɓace, amma ranar da nutural ya tsinke ko aka juya wayoyi a kan falwaya, akwatinka ya zama layif.

Notin da ke riƙe katin girafik yana ta juyawa ba ya kamawa. Na lalata akwatin ke nan? Ibrahim, Maraɗi

A'a, Malam Ibrahim, zaren ramin ne ya cinye, kuma yana gyaruwa. Notocin kwamfuta iri biyu ne masu kama da juna: 6-32 mai kaurin milimita 3.5 da zare warwara, da M3 mai milimita 3 da zare matsattse. Fara tabbatarwa ba M3 ka sa a ramin 6-32 ba, domin haka ma yake juyawa ba kamu. In ramin ne ya cinye, mafi sauƙi ka sa noti mai ɗan tsawo ka ɗaure shi ta baya da mata, wato zoben da noti ke shiga. In hannu ba ya kai wa bayan, a yanka sabon zare na M4 a ramin, a sa notin M4, bayan an cire kayan ciki saboda ɓarɓashi.

Nan gaba, a alminiyam, fara juya noti baya har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka ɗaure da yatsu, ka ƙarasa da kwatan juyi na sukundireba. Kada ka kusanto shi da sukundireba mai batir. Akwatuna masu inganci suna da 'yan zobban baƙin ƙarfe da aka dasa a cikin ramukan. Abin dubawa ne kafin saye.

Na samu tsohon akwatin Lian Li tokumbo, duka alminiyam, da araha. Yana da fankoki ƙanana da ramukan CD huɗu. Zai ɗauki kayan zamani? Abdulhadi, Jos

Malam Abdulhadi, madabod zai zauna. Tsarin ATX da Intel ta fitar a 1995 har yau ramukan notinsa suna nan inda suke, fawa-fak ma haka. Sai dai ka duba 'yan dirkokin da madabod ke hawa: kowace dirka ta dace da rami a madabod, wadda ba ta da rami a cire ta, in ba haka ba za ta taɓa bayan allon ta haɗa wuta.

Ɗauki tef ka auna abu biyu. Na farko, daga ramukan kati na baya zuwa kejin had-disk. A irin waɗannan akwatuna kejin yakan tare hanya, dogon kati ba ya shiga. In da ribit aka kafe shi, a huda kan ribit ɗin da bakin diril mai milimita 3.2, kejin zai fita. Na biyu, daga farantin madabod zuwa murfin gefe, ka cire milimita 16 na dirka da allo da furosesa; abin da ya rage shi ne tsayin kular da za ta shiga. Noctua NH-D15 milimita 165 ce, da wuya ta samu wuri.

Babbar matsalar iska ce. Fanka mai milimita 80 filin da take tura iska ta cikinsa bai kai rabin na mai 120 ba, sai ta yi ta ihu kafin ta tura abin kirki. Daɗin alminiyam shi ne sauƙin yanka: ana iya buɗe rami mai faɗin milimita 115 a murfin gefe daidai saitin kati, da wani a sama, a huda ramukan noti huɗu da tazarar milimita 105 tsakaninsu. Ramukan CD uku kuma, in an cire murafensu aka sa raga, suna ɗaukar fankar 120 guda. A goge bakin yankan da magagari don kada ya yanke waya ko yatsa. A yi duk wannan akwati babu komai a ciki, sannan a wanke shi da ruwa a shanya, domin ɓarɓashin alminiyam yana gudanar da wuta kuma maganaɗisu ba ya tsince shi. Ramukan USB na gaba tsofaffi ne; ana sayar da faranti mai USB 3.0 da USB-C da ke shiga ramin CD ɗin da ya rage, amma ka tabbata madabod ɗinka yana da bakin da kowannensu zai shiga.

Ga furosesa mai wat 65 da kati mai cin ƙasa da wat 200, aikin ya cancanci wahalarsa. In kayanka sun fi haka, nemi sabon akwati.

Zan yi odar akwati daga Chana ta jirgin sama. Na alminiyam zai rage mini kuɗin dako? Kuma ya zan yi da ƙurar hunturu? Hauwa'u, Katsina

Malama Hauwa'u, da wuya ya rage. Masu dakon sama suna auna nauyi su kuma auna girma, su caje ki da wanda ya fi yawa. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a raba da 6000, wasu kamfanoni da 5000. Kwali mai 55 da 30 da 55 zai fito kilo 15 ko 18, ko da abin da ke ciki kilo 6 ne. Ƙaramin akwati ne ke rage kuɗi, ba sauƙin ƙarfe ba. In babba kike so, ki bi ta jirgin ruwa, ko ki fara tambaya a Kwamfuta Bilej ta Ikeja ko titin Beirut a Kano. Ki nemi a ƙara kwali na biyu da soso a kusurwoyi, domin alminiyam in ya loɓa ba ya komawa daidai, tabon ma ba ya ɓoyuwa.

Ƙura kuwa, ki sa fankokin shigowa su fi na fita ƙarfi, misali uku da ɗaya, kuma duk na shigowar su kasance a bayan matata. Da haka iska ke fita ta kowace kafa maimakon ta tsotso ƙura ta cikinta. Matatar da ake sayarwa mai maganaɗisu a gefe ba ta kama alminiyam. Ki nemi mai ɗaurewa da notin fanka, ko ki manna siririn falen ƙarfe mai gam a gefen ramin don ta samu abin kamawa. Haka fitilun ado masu maganaɗisu da gindin eriyar Wi-Fi. Ki ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, ki wanke matatar kowane mako biyu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta bushe sarai kafin ta koma. Lokacin hure ciki da buluwa, ki cire wayar wuta, ki riƙe fikafikan kowace fanka da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima ta lalata ta.